Ɗauka ta Goma Sha Tara

Ran Asabar, bayan la'asar,
a tsakar gidan Lawali mai gyaran rediyo, can unguwar Zariya,
mukan taru mu bakwai,
wani sa'in mu shida, in ruwa ya tsare Habsu a Tibiri.
Kowa da wayarsa a aljihu,
kowa da ɗan abin kunyarsa a cikinta.

Lawali ya jona sifikar da ya tsinta a juji ya ba ta rai.
Dokarmu ɗaya ce:
ba a neman gafara kafin a kunna.

Ma'azu ke farawa, akawun masu man gyaɗa.
Yana taɓa fiyano kamar mai biyan bashi,
kowane sauti a ranarsa, ba ragi, ba gyara.
Ana tsaka sai zakaran maƙwabta ya yi cara a cikin ɗaukar.
Muka ce zakaran ya shigo daidai.

Barira ƴar lise kuwa gudu take,
kamar ɗan kabu-kabu ya hango fasinja a bakin tasha.
Rabin hanya wuta ta ɗauke mata,
muka ji ta ja tsaki,
ta ƙarasa sauran da baki.
Har tsakin muka tafa wa.

Wanda ya rubuta kiɗan nan Bature ne,
ya kwanta dama tun kakannin kakanninmu na goye.
Bai san zafin bazarar Maraɗi ba,
bai san gumi kan sa yatsa ya zame daga fari
ya faɗa kan baƙi ba.
Da ya sani, ina jin da ya rage mana hanya.

Sai aka zo kaina.

Ni ungozoma ce. Hannun nan ya tari jarirai
fiye da yadda zan iya ƙirgawa, tsakar dare, da fitilar waya,
bai taɓa rawa ba.
Amma da na danna jan ɗigon nan na ɗauka
sai ya koma hannun ɗan koyo.
Fiyanon ma ƙanena ya kawo mini daga Kwatano,
maɓalli ɗaya ya mutu,
giɓi ne da nake tsallakewa kamar kwata.

Ina da ta ashirin, ta fi tsabta.
Ta goma sha tara na kawo.

Ta fara lafiya, a hankali, kamar Gulbi a ƙarshen damina.
Sai wurin da hagu ke hawa ta tarar da dama.
Nan na yi tuntuɓe.
Kuma nan, daga bayan labule, murya ta ce:
“Tsahara, abin nan naki ba ya gajiya?
Taso, tuwo na hucewa.”

Inna ce.
Kwana arba'in ɗinta ya wuce da sati biyu.

Kiɗan ya ci gaba yana ɗingishi har ya kai gida.
Ba wanda ya tafa.
Lawali ya duƙa yana gyara wayar da ba ta lalace ba.
Barira ta kalli ƙafafunta.

Ma'azu, wanda bai taɓa cewa a maimaita komai ba,
ya ce, “Mayar mana baya kaɗan. Daga tuntuɓen.”
Muka sake ji. Muka sake.
Habsu ta ce, “Ba kuskure ba ne.
Hagunki ce ta tsaya ta ba ta hanya.”

Aka kira magariba, muka naɗe tabarmi.

Yanzu kullum bayan na taso daga asibiti
nakan zauna in bi ta wurin.
Dama ta iya, ta wuce abinta.
Hagu har yau takan ɗan dakata,
kamar mai sauraron wani daga ɗaki.
Na daina tsawata mata.